Sake daɓen motar daji: faci, fileti mai kauri, ko ƙwarangwal?

Wanda ya sayi tsohuwar Land Cruiser ko Land Rover don shiga daji ba ya sanin abin da ya saya sai ranar da ya ɗaga tabarmar robar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Idan 'yar Turai ce, gishirin da suke zubawa a tituna lokacin ƙanƙara ya riga ya ci daɓen tun kafin ta sauka Kwatano. Idan a nan ta tsufa, takin zamani da kanwa da fitsarin dabbobi da ruwan damina da ya kwanta ƙarƙashin roba sun yi nasu aikin. A wuraren da iska ta bushe kuwa, kamar Agadas, tsagewa ta fi tsatsa yawa, saboda gargadar hanya da lodi. Ka leƙa gindin notin kujerar direba da tocila. Sau da yawa za ka ga 'yan layuka sirara sun fita daga ramin notin ta kowane ɓangare, in kuma wani ya zauna ya jingina da ƙarfi, sai ka ga ƙarfen yana lotsawa yana dawowa.

A kan irin wannan daɓen ne mutum yake so ya ɗora sababbin kujeru, ya kuma dasa kejin kariya, wato bututun ƙarfen da ake kewaye ɗakin mota da shi don kada rufi ya danne mutane idan ta kife. Hanyoyin gyara da ake bi uku ne: a yi faci a mayar da daɓen yadda kamfani ya yi shi, ko a yanke shi duka a shimfiɗa fileti, wato fallen ƙarfe, mai kauri, ko a gina ƙwarangwal na bututu mai kusurwa huɗu a rufe shi da siririn ƙarfe. Ra'ayina a fili yake: ta biyun, wadda ta fi farin jini a garejinmu, ita ce ta fi yaudara. Amma sai an san irin nauyin da ake magana a kai kafin a ga dalili.

Ƙa'idar gwajin motoci ta Turai mai lamba R14 ta ce a ja bel ɗin cinya da ƙarfin da ya yi daidai da rataya masa kusan kilo 1,370, a kuma ja na kafaɗa da irin wannan ƙarfin a lokaci guda, kuma kada mariƙinsu ya tsinke. Wajen tan 2.7 ke nan a kan notuna 3. Ƙa'idar Amurka ta kujeru ta ce kujera ta jure ninki 20 na nauyinta gaba da baya, wato kujera mai kilo 20 za ta fizgi daɓe da ƙarfin kilo 400 ita kaɗai, ba a sa mutum ba. Keji kuma nasa ya sha bamban. Shi ba fizga yake yi ba, soka yake yi. Mota mai fiye da tan 2 ta faɗo a kan kusurwa ɗaya ta rufi, nauyin ya bi ta ƙafar bututu mai faɗin milimita 45 ya sauka ƙasa. Daɓen da kamfani ke yi bai cika wuce kaurin milimita 1 da 'yan kai ba. Idan aka dasa wannan ƙafar a kansa kai tsaye, huda shi za ta yi ta wuce, kejin ya sauko da rufin gaba ɗaya.

Saboda haka tambayar farko ba kaurin daɓe ba ce. Tambayar ita ce, wannan nauyi, ta ina zai bi ya isa ga ƙarfen da zai iya ɗaukarsa?

Amsar ta danganta da ginin motar. Land Cruiser jerin 40, da aka yi daga 1960 zuwa 1984, da jerin 70 da ya gaje shi, da Hilux, da Patrol, da Land Rover Series da Defender, da Suzuki Samurai, duk suna da shasi daban, bodi daban. Shasin shi ne ƙashin bayan motar, bodin kuma zama yake yi a kansa. Amma Jeep Cherokee XJ, da Lada Niva, da Pajero ta uku wadda ta fito a 1999, jiki guda ne, daɓen da dokin ƙofa da sandunan ƙarfen da aka haɗa a ƙasa su ne shasin. A irin waɗannan, duk wanda ya yanke daɓe gaba ɗaya ya yanke wani ɓangare na ƙarfin motar. Mafi yawan abin da ke tafe a kan masu shasi ne, na jiki guda zan taɓo su a inda ya dace.

Faci, ko mayar da daɓen kamfani

Idan tsatsar ba ta kai ga sandunan da ke gicciye a ƙarƙashin daɓe ba, ba ta kuma ci mazaunin bodi, wato inda yake zama a kan shasi, ba, faci ya wadatar, kuma shi ya fi araha da sauƙin nauyi. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai haske, a sa sabo mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, a haɗa baki da baki. Ɗora sabon a kan tsoho ya fi sauri, shi ya sa fanabita ke son sa, amma tsakanin ƙarafan biyu ruwa ke kwana, bayan damina biyu ko uku sai tsatsa ta dawo daga ciki. Lulluɓe huji da fila ko zaren gilas kuwa ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne, kuma bai kamata ya kusanci inda kujera ke zaune ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tudu da kwarin da ake gani a daɓen kamfani ba ado ba ne. Su ne ke hana siririn ƙarfe lanƙwasa da kuma kaɗawa. Facin da aka yi shi sumul zai riƙa bugawa yana ƙara, daga baya ya tsage a bakin walda. A buga masa 'yan kwaruruka ko da da guduma ne a kan katako.

A wannan tsarin, keji a kan bodi yake tsayawa, don haka kowace ƙafa tana bukatar takalmi. Ga ma'aunin da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta gindaya: fileti mai kaurin aƙalla milimita 3, faɗinsa murabba'in santimita 120, misali 10 da 12, a kama shi da notuna aƙalla 3 masu kaurin milimita 8 kuma masu lambar ƙarfi 8.8 a kai. Mafi kyau a sa fileti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su matse daɓen a tsakiya. Sai dai kada su zama girma ɗaya. In bakunansu suka dace daidai, ranar hatsari za su datse daɓen a kan layi guda. Na ƙasa ya ɗan fi faɗi, a kuma zagaye kusurwoyinsu duka. Wurin da ya fi kyau a ajiye takalmin shi ne inda daɓe ya haɗu da dokin ƙofa ko kusa da mazaunin bodi, a lanƙwasa filetin ya hau bangon gefe, ba tsakiyar fili ba. Ga motar jiki guda, wannan ita ce hanyar da ta dace, har ma a gina ɗan akwatin ƙarfe da ya kama daɓe da dokin ƙofa da ginshiƙin ƙofa, ƙafar keji ta zauna a kansa.

Raunin faci ga mai shasi ɗaya ne, amma babba. Ƙarfin kejin gaba ɗaya ya rataya ne a kan notunan da suka riƙe bodi da shasi da kuma tsohon ƙarfen da ke kewaye da su. A motar da ta ba shekara 30 baya, wannan amana ce da sai an bincika sosai kafin a bayar.

Fileti mai kauri

Kai motar wurin mai walda ka nuna masa hujin, abin da za ka ji shi ne: "Alhaji, mu shimfiɗa mata ceka mai 3, ka huta, har 'ya'yanka su gada." Wato filetin nan mai 'yan tudun hana santsi, mai kaurin milimita 3. Kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Aikin yana sauri, injin waldarsa na lantarki ba ya ƙona ƙarfe mai wannan kaurin, idan aka gama ka taka ka ji ƙam, ido ma ya ƙoshi.

To, a yi lissafi. Fileti guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wanda kusan shi ne daɓen gajeriyar jif, in kaurinsa milimita 3 ne nauyinsa wajen kilo 70. Mai milimita 1.5 kilo 35 ne. An ƙara wa motar nauyin yaro ɗan makaranta wanda ba ya sauka. Wannan ba shi ne babban laifin ba. Babban laifin shi ne shimfiɗaɗɗen ƙarfe ba ya tsayawa wa lanƙwasa, komai kaurinsa in dai kaurin hankali ne. Ɗauki fileti mai milimita 3 da faɗin mita guda, ka ɗauki bututu mai kusurwa huɗu na 40 da 40 mai kaurin milimita 2, ka ɗora kowannensu a kan dutse biyu tazara ɗaya. Bututun ya fi filetin ƙin lanƙwasa fiye da sau 30, alhali kowace mita tasa ba ta kai kilo 2.5 ba, ta filetin kuwa ta haura kilo 23. Ƙarfin ƙarfe a siffarsa yake. Magina sun san wannan tun da daɗewa: azara ce ke ɗauke da soro, ba yaɓen da ke kanta ba.

Sannan akwai inda filetin ya ƙare. Dole a haɗa bakinsa da tsohon bodi mai milimita 1. Mai kauri ba ya motsi, siririn yana motsi, duk girgizar hanya sai ta taru a layin waldar, nan ne kuma tsagewa ke farawa. Ranar da motar ta kife, filetin ba zai huje ba, gaskiya ne, amma zai iya yagewa daga bakinsa ya sauka da keji da kujeru a tare. An kauce wa huji an faɗa yaga.

Inda fileti mai kauri yake da amfani shi ne bayan akori-kura, inda ake jefa duro da buhuna da ƙarafa. Can tsaga da lotsawa ake gudu, ba riƙe rai ba.

Sanholo da katako ba sa bukatar dogon zance. Filetin sanholo mai milimita 3 kilo 24 ne kawai, ba ya tsatsa, shi ya sa Land Rover ta yi jikinta da shi tun 1948. Amma ƙin lanƙwasarsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, yana rauni a gefen walda, girgiza tana tsaga shi a bakin rami, kuma duk inda ya taɓa baƙin ƙarfe da laima a tsakani sai ya fara zama farin gari. Masu Defender sun san wannan farin garin a ƙasan ƙofofi. Yana kuma ɗauko zafin salansa ya kawo tafin ƙafa. A yi murfin giyabos da shi, wanda ake cirewa a mayar, a sa roba ko gam tsakaninsa da ƙarfe. Katako kuma ya yi wa manyan motocin lodi aiki shekara da shekaru, amma notin bel ba ya zama a katako.

Ƙwarangwal da siririn rufi

Wannan ce hanyar da ta raba aiki biyu. Ɗaukar nauyi a bar wa bututu, tare ƙura da ruwa da hayaƙi a bar wa siririn ƙarfe. Ana shimfiɗa bututun 40 da 40 a tsaye ta gefen kowace ƙofa, a gitta wasu daga gefe zuwa gefe, biyu a ƙarƙashin kujerun gaba, ɗaya inda babban bakan keji, wato bututun da ya tashi daga wannan gefe ya bi ƙarƙashin rufi zuwa wancan, zai sauka a bayan direba, wasu a baya gwargwadon tsawon motar. Kowane mai gicciye a nemi ya faɗa kan mazaunin bodi ko kusa da shi. Inda ramin giyabos ya tare hanya, a haura ta samansa da bututun da aka lanƙwasa ko aka yanka aka haɗa da kusurwa, kada a tsaya a gefensa a bar tsakiya wayam. Mita 10 na wannan bututu kusan kilo 23 ne. A haɗa da rufi mai milimita 1.5, jimla ba ta kai kilo 60 ba, ƙasa da filetin ceka, ƙarfi kuwa ba a haɗa su. A ƙarƙashin ƙafafun keji da kujeru a yi amfani da mai kaurin milimita 3.

Tsadarsa a lokaci take da gwaninta. Sai an auna, an gwada, an cire, an sake. Yana kuma cin sarari: bututun da aka sa a saman tsohon layin daɓe ya ɗaga kujera santimita 4, kuma a motar da za a sa wa keji, sarari tsakanin kai da ƙarfe ba abin wasa ba ne. In zai yiwu a nutsar da ƙwarangwal ɗin ƙasa, a lura kawai kada ya taɓa shasi, domin bodi yana motsi a kan robobinsa.

Wani ƙaramin abu da ke kashe aiki: duk inda noti zai ratsa bututu mai rami, a sa ɗan guntun bututu mai kauri a ciki a yi masa walda. In ba haka ba, ana ɗaure notin bangon bututun zai lotsa, bayan 'yan tafiye-tafiye notin ya saki, a sake ɗaurewa ya sake lotsawa.

A ɗaure keji da shasi ko a bar shi a bodi?

Nan ne masu wannan sana'a suka fi saɓani, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Shasin motar daji yana murɗewa idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, haka aka yi shi. Robobin da ke tsakaninsa da bodi su ke shanye wannan murɗawar da girgizar inji. Idan aka ɗauki ƙafar keji aka ratsa daɓe aka yi mata walda da shasi, sannan aka kama kejin da bodi, an kashe aikin robobin. Ƙarar inji za ta shigo ɗaki, bodi zai fara tsagewa a kusurwar ƙofofi da gindin gilashi, wani lokaci shasin ma ya tsage dab da inda aka sandare shi. Ga motar tsere ko ta hawan duwatsu zalla wannan ba damuwa ba ne, ƙarfi ake nema, kuma babu wanda ya fi shi ƙarfi. Ga motar da za ta yi Agadas zuwa Dirku, ko ta yi yawon ƙauyuka da ma'aikatan lafiya kullum, azaba ce.

Hanyar tsakiya ita na fi yarda da ita. Ƙafar keji ta sauka a kan takalminta a saman daɓe. A ƙarƙashi, filetin da ya matse daɓen a fitar masa da ɗan gajeren bututu zuwa wani hannu da aka fitar daga gefen shasi, a haɗa su da bushin roba, irin na sifirin baya wanda ake samu a kowace kasuwar kayan gyara, da noti mai kauri a tsakiya. A tafiyar yau da kullum robar tana ba da ɗan motsi. Ranar kifewa robar ta matse, nauyi ya wuce shasi kai tsaye. Ko da daɓen ya gaza, akwai abin da ya tare ƙafar daga ƙasa.

Hannun nan da ake fitarwa daga shasi yana da ladabinsa. A fara manna fileti a gefen shasin, mai siffar da bakinta ya karkace, kada walda ta yi layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, kada kuma a gitta walda a saman shasi ko ƙasansa, nan ne ƙarfen ke ɗauke da mafi yawan ja da matsi. Hannun ya zama gajere, da tokare ta ƙasa. Kuma a duba inda lambar shasi take kafin a kunna wuta. Wanda ya rufe ta da fileti ko ya goge ta da garanda ya sayi rigima da kwastan da 'yan sanda a kowane shinge.

Kujera da bel

Idan mai karatu zai riƙe abu ɗaya, ya riƙe wannan: kujera da bel su kama jiki ɗaya. Ko duka a bodi, ko duka a keji. Ka yi tunanin motar da kejinta ke ɗaure da shasi, bel a kan keji, kujera kuma a kan daɓe. A karo mai ƙarfi bodi yana iya gocewa a kan shasi da 'yan santimita. Kujera ta bi bodi, bel ya tsaya da shasi, mutum yana tsakiya. Ko dai bel ɗin ya saki lokacin da ake bukatarsa, ko ya matse ciki da ƙirji da ƙarfin da jiki ba zai ɗauka ba. Shi ya sa a motar da aka ɗaure kejinta da shasi, ya fi kyau a gitta bututu biyu daga wannan gefen keji zuwa wancan, kujera ta zauna a kansu, bel ma ya kama keji. Mutum da kujerarsa da bel ɗinsa da kejin sai su tafi tare duk inda za su. A nan daɓen ya zama rufi kawai, milimita 1.2 ma ya isa.

In kuwa keji a bodi yake, kujera ta zauna a kan sandunan ƙwarangwal, ko a kan daɓe da fileti a ƙarƙashin kowane noti. Ma'aunin FIA shi ne notuna 4 ga kowace kujera, masu milimita 8, kowanne da filetin murabba'in santimita 40 mai kaurin milimita 3, misali 5 da 8. Mariƙin bel ma filetinsa ke nan, notinsa kuma nasa ne na musamman, mai 7/16 na inci da siririn zare, a ciro shi daga wata motar in babu sabo. Wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, mai faɗin kwabo ba ta maye gurbin fileti.

Mai sa bel irin na 'yan tsere ya lura da igiyoyin kafaɗa. Kada a kai su daɓen da ke bayan kujera. Su tafi baya kusan a miƙe daga kafaɗa zuwa bututun da aka gitta a keji. Tun a tsohuwar ƙa'idarta FIA ba ta yarda su karkata ƙasa fiye da digiri 45 ba, kuma ƙasa da haka sosai ya fi. In suka sauka tsaye, karo zai sa su danne ƙashin baya.

Akwai kuma maganar da masu sha'awar keji ba sa son ji. An ƙirƙiro shi ne don mai hular kwano. Kan da ba hula ya bugi bututun ƙarfe ko a ƙaramin hatsari, abin ba kyau. Duk inda kai zai iya kaiwa a naɗe shi da soso mai tauri da aka yi don haka, ba soson katifa ba, kuma kowa ya ɗaura bel. Ga motar da ke ɗaukar iyali, ko doguwar Land Cruiser 78 mai benci a gefe, ya kamata a yi tunanin kejin waje, wanda ƙafafunsa ke sauka ga shasi ta wajen ɗaki. Shi bai ɗora wa daɓe komai ba, sai a fuskanci kujeru kawai. Ƙarfen ado mai sheƙi da ake ɗaurawa a bayan Hilux kuwa ba ya cikin wannan lissafi sam.

Ƙarfen da za a saya da wutar da za a sa

In za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, tafi da ma'aunin kauri a aljihu, domin abin da ake kira mai 2 ba kullum yake cika 2 ba. Bututun ƙwarangwal na kasuwa ya isa in kaurinsa ya cika. Na keji kuwa daban ne. Ma'aunin FIA ga babban baka shi ne bututu marar ɗinki, 45 da kaurin 2.5 ko 50 da kaurin 2, sauran sassa 38 da 2.5 ko 40 da 2. Bututun ruwan famfo ba ya wannan aiki, kuma tutiyar da aka shafe shi da ita tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa ta. Lanƙwasa a yi ta da inji, a sanyi. Bututun da aka gasa aka tanƙwara har ya yi tamoji a ciki ya riga ya karye, ranarsa yake jira. Notin da babu lamba a kansa a bar shi wa ƙyauren gida.

Waldar kabaid tana yi wa siririn faci, ko da yake tana gasa wuri mai faɗi ta karkata ƙarfe, amma ba ta keji ba ce. Ta lantarki mai sanda ta dace da bututu da fileti, sai dai tana huda duk abin da bai kai milimita 1.5 ba in hannu bai ƙware ba. Waldar MIG, mai amfani da waya da iskar gas, ita ce ke yin duka biyun da kyau. Wanda ya iya ƙofa da taga ba lalle ya iya keji ba. Ka ce masa, "Malam, haɗa min guntaye biyu in gani," a sa a mari a doke su da babbar guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar na nan, madalla. In waldar ce ta ɓalle, ka nemi wani.

Jerin aikin ma yana cikin zaɓi, kuma a nan ƙwarangwal ya sake cin riba. Kafin a yanke komai a cire tankin mai. A Land Rover Series gajera yana ƙarƙashin kujerar dama, a Land Cruiser 40 ta kafin 1979 ma a ƙarƙashin kujera yake, Defender kuma baturinta yana ƙarƙashin kujerar hagu. A bi bututun birki da na mai da wayoyi a kawar da su. A tokare bodi da sanduna na wucin gadi a bakin ƙofofi da gicciye, a auna kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, in ba haka ba ana gamawa ƙofa ta ƙi rufuwa. Sannan a ajiye kujera, mai motar ya zauna, ya taka kuloci har ƙasa, ya kama sitiyari, a ga inda kansa ya tsaya. Daga nan ne ake sanin inda baka zai bi da inda sanduna za su gitta. Rufin daɓe shi ne na ƙarshe, kuma ga dalili: dole walda ta zagaye kowane haɗin bututu gaba ɗaya, amma saman haɗin da ke manne da rufin mota hannu ba ya kaiwa. Idan daɓe a buɗe yake, sai a sauke kejin ƙasa ta cikin ramukan, a gama waldar sama, a ɗaga shi a zura takalmansa. Wanda ya riga ya shimfiɗa ceka ya rufe wa kansa wannan ƙofa, kuma sau da yawa saman haɗin a haka ake barinsa, ba walda, fenti ya rufe.

To wa zai ɗauki wanne? Mai motar jiki guda, ko mai shasi wadda tsatsarta ba ta wuce wurin taka ƙafa ba kuma baka ɗaya kawai yake so a bayan kujera, ya yi faci mai kyau da takalma masu matse daɓe. Wanda tsatsa ta ci masa sanduna da mazaunin bodi, ko zai sauya wurin kujeru, ko zai sa cikakken keji mai ƙafa 6, ya yi ƙwarangwal, ya kai ƙafafun ga shasi ta bushin, ya ɗora kujera da bel a kan keji. In kuɗi ba su kai ga duka ba, a fara da daɓe da kujera da bel, keji ya jira. Mota mai kujera da bel masu ƙarfi ba keji ta fi mai keji a kan ruɓaɓɓen daɓe aminci.

Bayan an rufe, a bi kowane layin walda da gam ɗin toshe kafa sama da ƙasa, a yi fenti, a fesa mai ko kakin hana tsatsa a cikin bututun ƙwarangwal. A bar ramukan zubar ruwa a wurare masu kwari, amma da toshiyar roba, domin ƙaramin huji a saman salansa yana shigo da hayaƙin da ba shi da wari, mai sa direba gyangyaɗi. In salansa na kusa da daɓe a sa mata garkuwar zafi da ɗan sarari a tsakani. Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, a shiga ƙarƙashi da sifana a sake ɗaure kowane noti, a duba fentin da ke gefen takalman keji da hannayen shasi. In ya tsage a siririn layi, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ne ya fara motsi, a kankare a duba tun kafin a sake loda ta.